Kayan Su da Ba Sa Gyaruwa a Kasuwar Magarya Asara Ne

Jihar Damagaram ba ta da kogin da ke gudu shekara zagaye, amma kudancinta yana da ruwa fiye da yadda baƙo ke zato. Daga Bande zuwa Washa da Gushi, kwarin Korama da rassansa sun bar tabkuna da fadamu birjik, wasu su ƙafe tun kafin bazara ta yi nisa, wasu su riƙe ruwa har damina ta zagayo. A bakinsu ake noman rake da rogo da kayan lambu. A cikinsu kuma akwai tarwaɗa da karfasa, da gaiwa mai kwanciya cikin laka ta jira ruwan baɗi. Kifin nan bai kai ya cika manyan motoci kamar bandar Tafkin Chadi ba, amma shi ke shiga tukunyar gidan da nama bai cika leƙawa ba.

Tukwanen kuwa suna da yawa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 570,000 a gundumar Magarya, da fiye da 350,000 a Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011. A 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa a ƙarshen daminar shekarar kimanin yara goma ke rasuwa kowace rana a asibitin Magarya, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. A ƙasar da ta ga irin wannan, zancen ƙugiya da raga zancen abincin yara ne, kuma bai kamata a bar shi ga 'yan tireda su kaɗai ba.

Yanzu wani sabon abu ya shigo. Matasa suna kallon bidiyon masu kamun kifi na Amurka a waya: mutum tsaye cikin jirgi, riƙe da siririyar sanda mai keken naɗe zare, ya wurga ƙugiya nesa, ya juya hannun keken, sai ga kifi yana tsalle. Irin waɗannan sanduna, ƙirar China masu rahusa, sun fara bayyana a shagunan manyan birane, kuma abin da ya shiga Kano ba ya daɗewa bai iso Magarya ba. Hana shi shigowa ba zai yiwu ba, kuma babu dalilin hanawa. Abin da ya kamata a auna shi da shi, shi da sauran kayan su na da da na yanzu, abu biyu ne: ko za a iya gyara shi a nan in ya lalace, da kuma ko zai bar ƙananan kifaye su girma.

Kifin da Amurkawa ke bi da waɗannan sanduna suna kiran sa bas, kuma babu shi a ruwan Nijar. Maci ne, yana laɓewa cikin ciyawa ko ƙarƙashin itace ya kai wa ƙananan kifaye farmaki. Ba wani ƙaton kifi ba ne. Mafi girma da aka taɓa rubutawa, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da ɗoriya kaɗan, kuma sai a 2009 wani ɗan Japan, Manabu Kurita, ya kamo irinsa a tafkin Biwa. Kifin da ya fi kama da shi a hali a wannan nahiya shi ne giwan ruwa, wanda matafiya kan hanyar Tawa zuwa Agadas ke sayen soyayyensa a Tabalak. Sai dai giwan ruwa ya yi masa nisa a girma: a shekarar 2000 an kama mai kilo 104 da fatsa a tafkin Nasir na Masar. A bikin Argungu na 2020 kuma, kifin da ya ci gasa kilo 78 ne, kuma da homa da gora aka fito da shi daga kogin Matan Fada.

Tunda bas ba ƙaton kifi ba ne, sandar da aka ƙera dominsa ta yi daidai da tarwaɗar tabkunan Magarya da Dungas, mai kilo ɗaya zuwa uku. Har ma tana da wata fa'ida da raga ba ta da ita. Kachalla ta mamaye tabkuna da dama, kamar yadda ta yi a fadamun Haɗeja da Nguru, kuma inda ta yi kauri birgi ba ya buɗewa, kalli kuma sarƙewa yake yi ya yage. Mai sanda yana iya tsayawa a gaɓa ya jefa ƙugiya cikin 'yar kafar da ke tsakanin ciyawa, inda manyan ke kwance.

Matsalar tana farawa ne daga saye. Sandunan iri biyu ne: na fayiba da na kabon. Ta kabon ba ta da nauyi, kuma hannu yana jin ko ɗan taɓin da kifi ya yi wa ƙugiya, shi ya sa 'yan gasa ke son ta. Amma ba ta jure duka. In ta bugu da ƙarfen babur ko gefen amalanke, ko da ido bai ga tsaga ba, ranar da kifi ya ja ta a nan za ta karye. Tana kuma ɗaukar wutar lantarki, don haka ɗaga ta sama lokacin da hadari ke tsawa ganganci ne. Ta fayiba ta fi nauyi, ta fi rahusa, tana lanƙwasa ta dawo, kuma ita ce ta dace da wanda zai ɗaura kayansa a bayan babur ya bi hanyar rairayi. Tsawon kamar mita biyu ya isa. Wadda ake zugewa ta shige cikin kanta kamar eriyar rediyo tana da daɗin ɗauka, amma kowace gaɓa tata mashigar yashi ce, kuma da zarar gaɓa ɗaya ta maƙale ko ta tsage, sandar ta gama aiki.

Keken ma iri biyu ne. Akwai mai zama a saman sanda, wanda ƙwararrun masu bas suka fi amfani da shi. Yana buƙatar babban yatsa ya saba da tsayar da zare, in ba haka ba zaren ya cukurkuɗe a wurgi ɗaya. Akwai kuma mai ratayuwa a ƙarƙashin sanda, wanda ko yaro zai koya cikin yini guda. Na biyun ya fi dacewa. Lambar da ake rubutawa a jikinsa, kamar 5.2:1, tana nufin in aka juya hannu sau ɗaya zaren zai naɗu sau biyar da ɗan kai; ƙaramar lamba ta fi ƙarfin ja, babba ta fi sauri. Yawan boris da ake tallatawa a kwali kada ya ruɗi mai saye, domin boris huɗu masu kyau sun fi goma na bogi. Abin dubawa shi ne birkin zare, wato murfin da ake murɗawa a gaban keken. A ɗaure shi kaɗan a ja zaren da hannu: in ya fito sumul, keken na kirki ne, in yana fizga yana tsayawa, kifi na farko mai ƙarfi zai tsinke zaren. A kuma duba ko da kusoshi aka haɗa jikin keken. Wanda aka manne da gam ba a yi shi don a buɗe ba, kuma abin da ba ya buɗuwa ba ya gyaruwa.

Littattafan da ke zuwa da waɗannan kaya suna yawan gargaɗi a kan ruwan gishiri. A Magarya abokan gaba su ne ƙura da rana. Ƙurar hunturu tana shiga keke ta haɗu da giris, ta riƙa cin haƙoran ciki a hankali har hannu ya fara gurzawa. Maganinta ba shi da tsada: a goge keken da ɗanyen tsumma bayan kowane su, a bar shi ya bushe a inuwa, a ajiye shi cikin jaka ko tsohuwar safa, kada a taɓa kwantar da shi a kan yashi. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya ya ishi kowane boris, giris ɗan kaɗan ya ishi haƙora; yawan mai ƙura yake tarawa. Kada a wanke shi da fetur, domin yana cin roba. In an tashi ajiyewa a sassauta birkin, saboda faifayen cikinsa suna lotsewa in sun daɗe a matse.

Rana kuwa zare take kashewa. Zaren roba da aka bari a kan danga ko rufin ɗaki yana rasa ƙarfinsa, ya yi fari ya bushe, ya tsinke daidai lokacin da ake buƙatarsa. Wanda ke ɗaukar kilo shida zuwa goma ya wadatar a tabki. Bayan kowane babban kifi a shafa kamu biyu na ƙarshen zaren da yatsa, in an ji kaushi a yanke a sake ɗauri, kuma a jiƙa ƙullin da yawu kafin a ja shi, don kada zafin gogayya ya raunana shi. Zobban da zare ke bi a jikin sanda su ma suna tsagewa su riƙa yankan zare a ɓoye. In aka zura ɗan audugar kunne a ciki za ta maƙale a inda tsagar take. Zoben da ya fita ana mayar da shi da zaren ɗinki mai ƙarfi a naɗe shi tsaf a shafe da gam. In kan sanda ya karye, a daidaita bakin, a ɗumama zoben ƙarshe a cire shi daga guntun, a manna shi a sabon kan. Sandar za ta rage tsawo kaɗan, amma za ta ci gaba da aiki.

To wa zai buɗe keken in ya tsaya? Tarihin masana'antar da kansa ya ba da amsa. Kamfanin Shimano na Japan ya fara ne a 1921 da ƙera firwil ɗin keken hawa, sai a 1970 ya shiga kayan kamun kifi. Kamfanin Abu Garcia ya samo asali daga masana'antar agogo a garin Svängsta na ƙasar Suwidin. Abin da ke cikin keken fatsa, haƙora da boris da sifirin da kusoshi, shi ne abin da mai gyaran keken ɗinki da mai gyaran agogo da bakaniken babur ke taɓawa kullum a kasuwar Magarya ko ta Dungas. Hannun yana nan. Abin da babu shi ne kayan canji, musamman ɗan sifirin da ke mayar da ƙarfen kama zare, wanda yana cikin abubuwan da suka fi saurin karyewa. Ɗan kasuwar da zai kawo keke goma ya kamata ya kawo su iri ɗaya, tare da 'yar ledar sifirin da faifayen birki, domin wanda ya mutu ya zama kayan gyaran sauran. Wanda ya kawo iri goma daban-daban ya sayar wa mutane abin da za su yar.

Duk da haka, sanda mai keke ƙaramin ɓangare ne na zancen. Masuntan da ke ciyar da gida da wannan sana'a da kalli suke aiki, da birgi, da mamari, da gura, kuma a nan ne ɓarnar ta fi girma. A da masunci yana saƙa komarsa da hannunsa, yana kuma zama a inuwa da rana ya cike inda ta yage. Ko da zaren nailan murɗaɗɗe ya zo, wannan ilimin bai mutu ba, domin irin wannan raga tana karɓar ɗinki kuma tana shekaru. Abin da ya canza al'amari shi ne ragar roba mai sili ɗaya, siririya, wadda kifi ba ya gani. Tana kamu sosai, tana da rahusa, amma ƙulli ba ya zama a jikinta da kyau, don haka ba a cika wahalar gyaranta ba. In ta yage sai a yar a bakin ruwa a sayi wata. Wadda aka yar ɗin ba ta ruɓewa: tana ci gaba da kama kifin da ba wanda zai ci, tana sarƙe tsuntsaye, tana naɗe ƙafar akuya da ta zo shan ruwa. Yaron masunci kuma yana tashi bai iya riƙe allurar saƙa ba.

Illar wannan dogaro da kayan saye an gan ta da ido. Zare da ƙugiya da raga galibi daga Najeriya suke shigowa, ta Babban Mutum ko ta Maigatari mai kasuwar Alhamis. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe su bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. A irin wannan lokaci kaya suna tsada ko su yi wuyar samu, kuma wanda ya iya cike raga da wasa ƙugiya a kan dutse shi ke ci gaba da fita ruwa. Ƙugiya mai kyau, irin ta kamfanin Mustad na ƙasar Nowe da masunta suka daɗe da sani, tana ɗaukar washi sau da yawa in ana shanya ta ana shafa mata mai. Ta bogi kuwa miƙewa take yi a bakin tarwaɗa.

Mafi muni shi ne su da sange. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi, in ya shiga tabki, ba ya barin komai, har 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Tun a watan Disambar 1998 dokar kamun kifi ta Nijar ta hana wannan, ta hana guba da nakiya, ta kuma hana ragar da idonta bai kai yatsa uku ba. Ma'aunin mai kyau ne, domin da yatsa masunta ke auna raga tun asali, kuma ba sai an zo da wata na'ura ba. Amma ma'aikatan gandun daji ba su da yawan da za su tsare kowane tabki. Dokar da ba ta sami goyon bayan sarkin ruwa da mai gari ba takarda ce kawai.

Za a ce talaka ba ya zaɓe, abin da kuɗinsa na yau suka kai shi yake saye. Gaskiya ne, kuma ba a zargin magidanci da ya sayi raga mai rahusa don iyalinsa su ci. Sai dai wanda ke sayen raga uku a shekara ya fi mai raga ɗaya mai gyaruwa kashe kuɗi. Bambancin kawai shi ne na farkon yana biya kaɗan-kaɗan. Wannan giɓi ne da ƙungiyar masunta za ta iya cikewa ta hanyar sayen kaya a dunƙule da biya bayan an buɗe su. Kuma a nan ne ayyukan raya karkara suke yawan kuskure. Ana zuba irin kifi a tabki, a raba raga da ƙugiya a gaban kyamara, a tafi. Raba kaya yana da sauƙin rubutawa a rahoto. Biyan dattijon masunci ya zauna wata guda yana koya wa samari saƙa da cike raga ba ya ɗaukar hoto mai kyau, amma shi ne zai rage bayan aikin ya ƙare.

Akwai darasi ɗaya da ya cancanci a ɗauka daga masu bas, kuma ba a shago ake sayar da shi ba. Ray Scott, wanda ya kafa babbar ƙungiyarsu a ƙarshen shekarun 1960, ya lura cewa gasannin da yake shiryawa suna kashe kifi da yawa, sai daga 1972 ya sa a riƙa mayar da kifin ruwa da ransa bayan an auna. Ba wanda zai ce wa magidanci a Gushi ya saki abincin darensa. Amma sakin ƙarami da mai ƙwai abu ne mai yiwuwa, kuma fatsa ta fi kowane kayan su ba da wannan dama, tunda ɗaya-ɗaya take kamawa kuma girman ƙugiya shi ke zaɓar girman kifi. Tarwaɗa tana hayayyafa ne da ruwan farkon damina, karfasa kuma tana renon 'ya'yanta a cikin baki. Wata biyu ko uku na haƙuri a wannan lokaci su ke yanke yawan abin da za a kama da rani. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun riga sun nuna sun fahimci irin wannan lissafi: da suka daina sare tohon gawo a gonakinsu tun daga shekarun 1980, ƙasar ta sake cika da itatuwa har masana daga ƙasashen waje suna zuwa kallo. Wanda ya iya barin ɗan gawo ya girma ba zai kasa barin ɗan tarwaɗa ba.

Abin da bai kamata a kwaikwaya ba shi ne kifin kansa. An kai bas Afirka ta Kudu a 1928, aka kai shi tafkin Naibasha na Kenya a 1929, don jin daɗin masu fatsa, kuma a Afirka ta Kudu ya cinye ƙananan kifayen asali a rafuka da dama. Giwan ruwa da aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'in kifi kusan ɗari biyu. Dukansu biyu suna cikin jerin halittu ɗari mafiya ɓarna in an kai su inda ba nasu ba, wanda ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta fitar. Giwan ruwa yana son ruwa mai zurfi da ba ya ƙafewa. A ƙaramin tabki zai cinye karfasar da mata ke soyawa, sannan ya mutu da zafin Afrilu. Duk wanda ya zo da shawarar zuba maci a tabkin ƙauye, a nemi ra'ayin ma'aikatan kula da muhalli kafin a saurare shi.

Kira na farko ga shugabannin ƙananan hukumomin Magarya da Dungas ne: cikin kuɗin da ake karɓa na izinin su, a ware wani abu don koyar da saƙa da gyaran raga, a kuma sa 'yan kasuwa su daina baje ragar da ba ta kai yatsa uku ba. Sarakuna da masu gari su tsayar da ranar rufe tabki da ranar buɗewa, a yi shela a kasuwa da masallaci da gidan rediyo, a kuma ajiye buhu a bakin kowane ruwa don tara yagaggun raga. Saurayin da ya tara kuɗinsa zai sayi sanda mai keke kuma, kafin ya biya ya nemi mai shago ya kwance murfin keken a gabansa ya nuna masa kayan canji. In ba su, ya bar ta a shagon.